Uwar Tukunyar da Na Hana Ka

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko da yake tsakanin ɗakina da naka bai wuce taku ashirin ba, kuma na san lafiyarka lau tunda ina jin motsinka kana ɗaure kaya. Allah Ya tsare mini kai a hanyar Jalingo ranar Asabar, Ya tsare direba da motarsa, Ya sauke ka cikin mutanen kirki, Ya sa rumfar da za ka buɗe a can ta zama sanadin alheri.

Na san za ka yi mamaki idan ka ɗaga murfin kwanon tuwonka ka ga takarda. Ni na roƙi Innarka ta sa maka ita a nan, don na lura duk fushinka bai kai ga tuwo ba. Ni da alƙalami ba mu saba ba. Hannun da ya shekara arba'in yana danna ƙasa a akwatin zubi ba ya jin daɗin riƙe abu siriri, saboda haka in ka ga rubutun yana hawa yana sauka, ka yi haƙuri ka bi shi a hankali.

Kwana goma sha biyu ke nan kana gaishe ni kanka a ƙasa. Ba ka yi mini rashin kunya ba, ba ka fasa aiki ba, amma dariyar nan taka da ke cika rumfa ta ɗauke, kuma ni na jawo. Ranar nan a gaban Malam Sani maƙwabcin rumfarmu da mutanen da suka zo sayen tukwane ka ce, "Baba, in zan tafi ina so ka ba ni Tsohuwa, in buɗe rumfata da ita." Ka faɗa kana kallon tukunyar nan da ke rataye a bango tun kafin a haife ka. Ni kuma ko ɗagowa ban yi ba na ce, "Ba inda za ta," na ci gaba da goge bakin tukunya da magagari. Amma ta gefen ido na ga yadda fuskarka ta yi. Ka ɗauka ban ga ka isa ka riƙe kayan kakanka ba. Wallahi ba haka ba ne, kuma ba zan iya bari ka hau mota da wannan a ranka ba.

Ka san halina, ba na iya zuwa ga magana sai na zagaya. To ka bar ni in zagaya, zan iso.

Akwai kalmomi uku da muke jefawa a rumfa kullum ba tare da tunani ba: uwa, samfuri da asali. Masu saye suna cakuɗa su, su nuna Tsohuwa su ce, "Waccan ce samfurinku?" Abokanka da suka yi makarantar fasaha kuma suna da wata kalmarsu ta Turanci da harshena ya ƙi ɗauka. Kai ka san bambancinsu tun kana ƙarami. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda ni na koye su, don kowace ɗaya da kunya na saye ta.

Ta farko ita ce uwa. Uwa tukunya ce da ba ta taɓa hawa murhu ba kuma ba za ta hau ba. Aikinta a kifa ta a akwati, a danna mata ƙasa ciki da waje, a zare ta, a zuba narkakkiyar dalma a gurbin da ta bari. Abin da ya fito 'yarta ce. In aka ɗauki 'yar aka danna ƙasa da ita, abin da ya fito jika ce. Haka kakanka, Malam, wanda ka ci sunansa har ya sa ba na iya kiranka da sunanka na yanka, ya koya mini tun ina juya masa keken zuga.

Ina da shekara goma sha tara Malam ya tafi Mahuta girbin dawa, ya bar mini rumfa na sati shida. Ni kuwa lokacin ji nake babu maƙerin da ya kai ni a Funtuwa. Uwar lamba biyar ɗin Malam nauyi gare ta, kuma yana da doka a kanta: a sauke ta da hannu biyu, in an gama a goge ta, a mayar da ita ƙusarta. Ganin wannan hidima ta yi mini yawa, sai na ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yanta da ke kusa da ƙafata na riƙa zubi da ita. Na duba, ban ga bambanci ba. Da wani ya zo yana sauri na sayar masa da ita, na ɗauki wata daga cikin sababbin na ci gaba. Haka na yi ta yi har sau huɗu, ina yabon kaina a kan na gano hanyar da tsoho bai gano ba.

Kwana biyu da dawowar Malam sai ga Hajiya Talatu, mai sayar da tuwo a tashar Bakori, wadda ta daɗe tana sayen tukwanenmu. Ta sauko daga mota da tukunyar da na sayar mata a hannu ɗaya, tsohon murfi a ɗaya hannun. Ta dire su gaban Malam ta ce, "Malam, wannan yaro naka tukunya ya sai mani ko ƙanwar tukunya? Ga murfin tsohuwata, lamba biyar, ɗora mu gani."

Malam ya ɗora. Murfin ya ƙi shiga bakin, ya tsaya a sama yana rawa.

Ta ce, "Tiya biyu nika tuƙawa a lamba biyar ɗinka shekara da shekaru. Wannan kuwa na zuba tiya biyu ta tumbatsa ta kashe mani wuta, direbobi na tsaye da kwanoni."

Malam ya ba ta haƙuri, ya ba ta wata daga tsofaffin zubinsa, ta tafi tana mita. Na jira faɗa, bai zo ba. Sai ya sa na tattaro duk abin da ya rage na aikina, ya jera su a ƙasa tun daga uwa har ta ƙarshe. Ya cika 'yar fari da gero har baki, ya juye a ta biyu, gero ya ɗan zube. Ya juye a ta uku, ya ƙara zubewa. Kafin mu kai ta ƙarshe kaji sun taru. Sannan ya nuna mini wata 'yar lotsawa a gefen ta biyu, ya bi da yatsa, ga ta a ta uku, ga ta a ta huɗu, har ta fi girma.

Ya ce, "Isiya, dalma in ta huce tsukewa take yi. Kowace 'ya sai ta gaza uwarta da ɗan kaɗan, ido ba ya gani. Shi ya sa aka yi uwa da ƙari, don 'yarta ta fito daidai. Je ka share geron nan."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ya fi mini bulala zafi. Don haka, Abba, duk nauyin uwa, duk saurin da kake yi, ka sauke ta ka yi zubi da ita. In ka ɗauki masu koyo a can, kada ka bar na jiya ya koya wa na yau, ka tashi ka nuna da hannunka. Magana ma haka take tsukewa. Za ka yi nisa da gida, za a riƙa kawo maka "an ce Babanka ya ce", "an ce 'yan'uwanka sun ce". Kada ka gina fushi a kan jikar magana. Ga waya a aljihunka, kira mutum ka ji daga bakinsa.

Kalma ta biyu samfuri. Ita ba a zubi da ita. Ita ce wadda ake gogewa a ajiye a bakin rumfa, mai saye ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa, ya ji ƙararta, ya ce, "Irin wannan nake so." Wannan na koye ta ne bayan na auri Innarka, lokacin Malam ya fara kwanciya, rumfa ta dawo hannuna.

Wani Alhaji daga Musawa mai kai tukwane kasuwannin ƙauye ya zo yana neman maƙerin da zai riƙa yi masa da yawa. Na zage na yi masa samfuri da zaɓaɓɓiyar dalma ta tsofaffin injuna, na goge ta har mutum na ganin haƙoransa a ciki. Ya ƙwanƙwasa, ta amsa, ya ce in yi masa irinta. Da na shiga aikin sai dalma mai kyau ta ƙare mini a tsakiya. Maimakon in aika masa in ce ya ƙara mini kwanaki, sai na narka duk abin da 'yan gwangwan suka kawo, mai datti da marar datti. Tukwane suka fito da ƙananan huji kamar bakin allura. Na toshe su da sabulu da toka, na goge, na ɗaure masa. Ina rubuta wannan fuskata na zafi.

Bayan sati uku ya dawo da su ɗaure a bayan babur. Bai ɗaga murya ba. Ya nemi bokitin ruwa, ya jera tukwanen a kan benci ya cika su, muka tsaya ni da shi da mutanen layi muna kallon ƙasa tana jiƙewa a ƙarƙashinsu. Sannan ya ɗauko samfurin nan daga buhu ya ce, "Malam Isiyaku, wagga ita ka nuna mani, kuma ita kaɗai ce ba ta zuba. Sauran ban san ɗiyan wa ne ba." Daga ranar bai sake taka layinmu ba, kuma sai da na shekara biyu kafin mutanen wajen Musawa su sake yarda da tukunyata.

Samfuri alkawari ne, ɗana. Kada ka ajiye a bakin rumfa abin da hannunka ba zai iya maimaitawa ba ranar da ka gaji. In kayan aiki sun gaza, faɗa wa mai kaya, ya ji haushi na yini ɗaya ya wuce. Kuma za ka sauka cikin mutanen da ba su san ka ba, watan farko duk abin da ka nuna musu shi za su riƙe. Kada ka nuna musu wani Abba mai sheƙi da ba za ka iya zama shi kullum ba. Innarka har yau in na ɓata mata rai cewa take lokacin da nake zuwa zance samfuri na nuna mata, da aka kawo ta ta tarar da sauran kayan. Ina dariya, amma ban taɓa iya musa mata ba.

To, na gama zagaye, ga maganar.

Tukunyar da ke rataye a bango, wadda muke kira Tsohuwa, wadda nake ɗaga ka kana yaro ka shafa ta ina ce maka hannun kakanka ne, ba uwar Malam ba ce. Uwar Malam babu ita. Ni na hallaka ta, shekara guda kafin a haife ka.

Ga yadda aka yi. Malam ya rasu da damina. Kafin kaka sai wasu tukwane suka cika kasuwa, marasa nauyi, masu ƙyalli. Mata su ɗaga tamu su ce, "Wannan ai sai ƙato," su wuce. Raina ya ɓaci. Na sauke uwar na juya ta a hannu, na ga kaurinta, na ga yadda gindinta ya fi bakinta tudu, sai na ce a raina tsoho ya yi aikinsa ne irin na da, lokacin da ba a san tattalin dalma ba. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauki magagari na shiga cin cikinta, kwana uku ina yi. Da na gwada zubi sai dalma ta ƙi zagaye gurbin, don ya yi siriri, tana daskarewa kafin ta kai ƙarshe. Wadda ta fito kuma tuwo ya riƙa kamawa a gindinta. A nan na gane kaurin nan ba ganganci ba ne, amma maimakon in tsaya sai na ƙara gogewa wai in daidaita. Wata rana da azahar, abokan aiki sun tafi cin abinci, ina danna mata ƙasa sai na ji ƙas. Na tone na ga ta tsage tun daga baki har ciki.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Tsagaggiyar uwa ana iya auna ta, ana iya ɗaure ta a fitar da wata. Amma na ji muryoyinsu suna dawowa, na tuna yadda za a ce ko shekara Malam bai yi a ƙasa ba ɗansa ya kashe masa uwa. Wuta tana ci, kaskon narka dalma yana kanta. Na karya ta da guduma na jefa. Kafin su shigo ta zama ruwa. Washegari na ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yanta, na turara ta da hayaƙi ta yi baƙi, na rataye a ƙusar, na ce wa kowa uwar Malam ta yi aiki ya isa, daga yau hutawa za ta yi. Har yabona aka yi a kan na san darajar mahaifi. Wadda muke zubi da ita tun daga lokacin wata 'yar ce da na yi wa ciko, kuma ni na san lamba biyar ɗinmu ba ta cika ba.

Shekara ashirin da bakwai ina ba da labarin tukunyar nan ga duk wanda ya tambaya, har na kusa yarda da shi ni ma. Ranar da ka roƙe ni ita, abin da ya faɗo mini shi ne ma'aunin nan naka mai baki kamar na kunama, wanda nake yi wa dariya ina cewa ido ya ishi maƙeri. Na san zubi ɗaya za ka yi a Jalingo ka auna ka gane. Tsoro ne ya amsa maka, ba ni ba. Na zaɓi ka ɗauke ni marowaci da ka gane ni maƙaryaci ne, kuma na bar ka da ciwon kwana goma sha biyu don in tsira da girmana. Ka yafe mini.

Abin da zan ce maka a kan wannan gajere ne, don ban isa in yi dogon wa'azi a kai ba. In ka tarar da abin da na gaba suka bari, ka ga ya yi kauri ko ya yi nauyi, tambayi dalili kafin ka sa masa magagari. Watakila gyaran yana da kyau, ni ban hana gyara ba, kai ma ka gyara mana murhu ya rage cin gawayi. Amma ka gwada a kan 'ya, ka bar uwa. In kuma ka fasa abu, bar gutsattsarin a ƙasa mutane su shigo su gani. Kunyar yini guda ce, ni na ƙi ta na ɗauko ta shekara ashirin da bakwai.

Ka lura washegarin ranar nan ban zo rumfa ba, Innarka ta ce maka na je duba gona. Mahuta na tafi, wajen Yaya Asabe, Gwaggonka. Na tarar da ita a tsakar gida tana ɓarzar masara da jikokinta mata. Na ce ina son magana, ta kore su. Na zauna a kan turmi na faɗa mata komai kamar yadda na faɗa maka, ina jiran ta yi salati ta rufe ni da faɗa.

Ko hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "To, sai mi? Ai na sani."

Na ce, "Yaya, wa ya gaya miki?"

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da tukunyar aurenta, baƙa ƙirin, da murfinta. Ta ce, "Wannan ita ce 'yar fari. Ranar da Malam ya gama uwar nan, ita ya fara zubawa ya ce ta Asabe ce. Duk tukunyar da ka aiko mani ta auren ɗiyana sai na ɗora mata murfin ga, bai taɓa zama ba. Na ce bari in ga ranar da Isiya zai zo ya faɗa da bakinshi. Har na fara zaton sai a lahira."

Abba, gemuna fari, amma na zauna a kan turmin nan ina share ido da hula.

A nan ta koya mini kalma ta uku, wadda na ɗauka na sani. Ni duk rayuwata in aka ce asali, uwar Malam nake nufi, a zatona daga kansa aka fara. Yaya ta ce, "Kai kana goye lokacin. Wa ka ke zato ya ba Malam siffar? Kaka Delu ce, mahaifiyarshi, maginiya ce. Ita ta gina mashi ta yumɓu, ya danna ƙasa da ita ya fidda uwar. Gindin nan mai kauri da ka cinye, nata ne, don ta san inda tuwo ke kamawa." Ka ga ashe tukunyar ƙasa ce magabaciyar tamu, kuma macen da ba ta taɓa riƙe kaskon dalma ba ita ce ta auna mana sana'a. Uwar da nake kuka a kanta ita ma 'yar wata ce. Yaya kuma a gaban Kaka Delu ta tashi, ita ke kwaɓa mata yumɓu.

Na ce, "Yaya, hannunki zai iya?"

Ta ce, "Hannuna ya fi bakinka gaskiya. Kawo mani zare da kara."

Ta auna tukunyar aurenta da zare, baki da ciki da zurfi, ta karya kara daidai kowanne. Ni na gaya mata ƙarin da dalma ke ci sau biyu, ita ta san wanda yumɓu ke ci in ya bushe ya sha wuta. Ta aika aka ɗebo mata yumɓu a bakin fadama, ta gina guda uku, don ta ce wuta ba ta da alkawari. Shekara ashirin rabonta da gini, tana yi tana zagin gwiwoyinta. Shekaranjiya aka gasa su. Ɗaya ta fashe, biyu sun fito. Jiya na ɗauko su a mota, na rungume su a cinya tun daga Mahuta kamar mai jego, ɗan kamasho yana ta tsokanata. Suna rumfa yanzu a bayan buhunan gawayi, lulluɓe da tsumma. Ta haɗo ni da murfin tukunyar aurenta, ta ce aro ne, in ya ɓace kada in sake zuwa gidanta.

Ban zuba ba. Da farko na yi niyyar in yi komai a ɓoye in miƙa maka sabuwar uwa in ce ga kyauta, sai na ga wata ƙaryar ce zan sake turarawa da hayaƙi. Ban da haka ma, hannuna ya fara rawa in na ɗaga kasko, kai ma ka gani kana kawar da kai don kada in ji kunya. Tukunyar yumɓu ba ta jure danna sau da yawa, tana son hannun da ya natsu, kuma a layinmu kaf ban san hannun da ya fi naka natsuwa ba. Ban taɓa gaya maka ba, don ina tsoron kanka ya kumbura irin nawa a shekara goma sha tara. Yau na faɗa.

Gobe Juma'a da hantsi zan buɗe rumfa. Zan kira Malam Sani da duk wanda ke wurin ranar da na gwale ka, in sauke Tsohuwa daga ƙusa da hannuna, in gaya musu ko ita wace ce. Sannan in sa ta a kasko, don dalmarta mai kyau ce, zubin Malam ce ko ba komai. Na tankaɗe ƙasa, na jiƙa ta, gawayi yana nan. Kai za ka danna, kai za ka zuba. In uwa ta fito ta huce, mu fitar da 'ya ɗaya daga gare ta mu ɗora mata murfin Gwaggonka. Ban sani ba ko zai zauna. In bai zauna ba ga ta biyu, in ita ma ta ƙi, mun dai san gaskiyar inda muke, mu koma Mahuta mu sha zagi. In kuwa ya zauna, uwar taka ce, ka naɗe ta a bargo ka tafi da ita Jalingo, kuma duk wanda ya tambaye ka asalinta ka ba shi labarin duka, har da nawa.

Ba zan tilasta maka zuwa ba. In ranka bai sauko ba, ina da haƙƙin jira, ba ni da na fushi. Zan zauna a rumfa har a kira sallar Juma'a.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka daga wuta da zafin dalma da sharrin hanya. Ya tsare idonka da hannunka da harshenka. Ya haɗa ka da maƙwabta masu amana da masu saye masu haƙuri, Ya ba ka abokiyar zama da za ta riƙa gaya maka gaskiya kamar yadda Innarka da Gwaggonka suke gaya mini. Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya jiƙan Malam da Kaka Delu, Ya sa ka fi mu cika. Amin.

Mahaifinka,
Isiyaku mai tukwane, Funtuwa.

In za ka zo, ka taho da ma'aunin nan naka. Ni zan juya maka keken zuga.